Yadda Na Kai Ƙarar Kaina a Jidda

Tun da na dawo daga Umara ba ni da sakat a shago. Wanda ya kawo faci sai ya share benci ya zauna ya ce, "Alhaji, a ba mu labarin Makka." Na gaji da gyara musu cewa Umara na yi ba Hajji ba, sun ƙi ji. Wani dabino yake so, wani zamzam, wani kuwa so yake ya ji ko da gaske ne daɓen masallacin sanyi gare shi ko da tsakar rana. To ga labarin nan sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina. Kwana goma sha huɗu muka yi, har Madina mun je, amma kwana uku na farko su ne tafiyar a wurina. Kuma akwai abin da ban taɓa faɗa a kan bencin nan ba, sai yau.

Sunana Isiyaku, ina da shagon taya da faci a Funtuwa. Kafin in zama mai faci direba ne ni a Jos, ina jan motar wani kamfanin lemo. A lokacin ina shan giya. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, sha nake yi kamar gobe za a hana. Wata Asabar da la'asar na taso a buge, na kwashi rumfar wata mata mai sayar da doya, na karya mata hannu. Kotu ta ɗaure ni wata shida, aka karɓe lasin, aka dangwala yatsuna goma a tawada aka manna a takarda. Daga ranar da na fito ban ƙara kai kwalba bakina ba, shekara goma sha huɗu ke nan. Na bar Jos, na koyi faci, na yi aure.

Matata Habiba ta sani, tun kafin a ɗaura na gaya mata. Wanda bai sani ba shi ne mahaifinta, Malam Hamisu, limamin unguwarmu, wanda nake kira Baba. Mutumin da ya taɓa korar manemin 'yarsa don ya ji warin taba a rigarsa! Habiba ta ce in ja bakina in yi shiru, na yi. Shekara goma sha ɗaya ina zama a karatunsa na bayan Magariba, yana nuna ni ga baƙi yana cewa, "Malam Isiyaku mutum ne." Duk sanda aka zo babin abubuwan da ke warware alwala, ya karanto Larabcin ya fassara, "Sukuru, wato maye," sai in sunkuyar da kai kamar ina bin layi a littafi.

Bana 'ya'yansa suka haɗu suka biya masa Umara. Ƙafafunsa sun yi rauni, dole a samu mai tura shi a keke. 'Ya'ya maza uku gare shi, amma da aka tambaye shi wa zai raka shi, sai ya ce ni. Wallahi na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Ban gama murnar ba na tuna da yatsun nan goma.

Na shiga tambaya a fakaice, ina cewa wani abokina ne ke da matsalar. Mai shayin bakin tasha ya ce ai Saudiyya ba ruwanta da kai sai in ita ta taɓa korar ka. Wani da ya yi zaman Turai ya ce akwai ƙasashen da laifin tuƙi cikin maye ko na shekara nawa ne sai sun juyo da mutum daga filin jirgi, wai kwamfuta ba ta mantuwa. Ejan da ya yi mana takardu bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa komai ba. Da biza ta fito na ɗan saki jiki, sai ejan ya ɓata mini rai da cewa biza daban, ƙofa daban. Ba juyowar nake tsoro ba. Tsorona a juyo da ni a gaban Baba, a faɗa masa dalili.

Habiba kuwa ko a jikinta. Tana ɗaura mana dambun nama da garin kunu ta ce, "Wanda ya kira ka ɗakinsa ai ya fi kotun Jos sanin abin da ka yi."

Babban ɗansa, Yaya Sabi'u, shi ya kai mu Kano. A filin jirgi aka ce a ɗaura harami tun daga nan. Jama'a, ni da ban taɓa cire hula a gaban surukina ba, ga ni tsaye daga ni sai ƙyalle biyu! Na sama yana zamewa, na ƙasa yana barazana. Sai da wani dattijo ɗan Gumel, wanda zuwansa na huɗu ke nan, ya tausaya mini ya naɗe mini shi ya ɗaure da bel, yana cewa, "Ɗaure tamau, ɗan'uwa, na ga wanda nasa ya kwance a tsakiyar ɗawafi."

Wannan ne hawana jirgi na farko. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni masu murfin takarda, na kasa ci. Tun jiya da rana rabona da abinci. Baba ya cinye nasa ya yi barcinsa. Da aka yi shelar mun zo daidai miƙati, na tashe shi muka yi niyya, jirgi ya ɗauki Labbaika gaba ɗaya. Ya juyo ya ce mini, "Malam Isiyaku, daga yanzu babu faɗa, babu jayayya, babu ɗaga murya, sai mun sauke harami. Ko taka ka aka yi, haƙuri." Na ce to, Baba.

Da hantsi muka sauka Jidda. Wani ma'aikacin filin jirgi, baƙi dogo mai furfura a gemu, ya kawo wa Baba keke yana ta zuba Larabci. Da ya ji muna magana sai ya washe baki ya ce, "Ahlan, ahlan, 'yan gida ne ashe!" Sunansa Abbakar. A Makka aka haife shi, iyayensa mutanen Damagaram ne. Hausarsa rabi da rabi ce, kowace jimla sai ya yi mata ƙari da Larabci. Shi ya bi da mu ta layin masu keke, ba mu yi jira ba.

Jami'in da ke kan tebur matashi ne, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Baba ya ɗora yatsu a kan na'ura, ta yi kore, aka buga masa hatimi. Abbakar ya tura shi gefe kaɗan, taku biyu daga inda nake. Na ɗora nawa. Ja. Na goge a harami na sake ɗorawa. Ja. Yanzu na san dalili: shekara da shekaru ina gogar tiyub da gam da fetur, zanen yatsuna ya shafe. Amma a lokacin wa ya ga ta wannan tunani? Jami'in ya kira na kusa da shi, suka leƙa kwamfuta tare suna magana ƙasa-ƙasa. Na ce shi ke nan, takardar Jos ta riga ni isowa.

Gumi ya keto mini duk da sanyin wurin. Hannuna ya kama rawa, na dafa teburin. Jami'in ya dube ni da kyau, ya nuna hannun da ke rawa, ya ce, "Ya hajji, indak sukkar?"

Ni dai kunnena "sukuru" ya ji. Kalmar da na sha jin fassararta a bakin Baba. Ya sake maimaitawa, yana ɗaga hannu zuwa baki kamar mai shan wani abu, sannan ya yafito Abbakar ya zo ya fassara. Ban ma bari Abbakar ya buɗe baki ba. Na ga ga ni cikin harami, a ƙofar ƙasa mai tsarki, ba zan shiga da ƙarya ba.

Na ce, "Gaya masa gaskiya ne. Na sha giya, na yi tuƙi a buge, na karya wa wata mata hannu a Jos, an ɗaure ni wata shida. Amma wallahi shekara goma sha huɗu ban ƙara ba. In za a mayar da ni a mayar, amma don Allah a bar tsohon nan ya wuce."

Abbakar ya saki baki yana kallona. Can ya ce, "La haula! Ya hajji, wa ya tambaye ka wannan? Sukkar yake cewa, ciwon suga. Ya ga kana rawa, yana tambaya ko a kawo maka abin sha mai zaƙi."

Ya juya ya gaya wa jami'in cewa ba ni da suga, yunwa ce kawai. Jami'in ya buɗe durowa ya miƙo mini dabino uku, ya ɗiga mini wani ruwa a yatsu ya ce in murza. Na ɗora, na'ura ta yi kore. Ya buga hatimi ya ce, "Umra makbula." Shi ke nan fa. Ban ce haka yake ga kowa ba, kada wani ya ce Isiyaku ya ba da fatawa. Ni dai ba a tambaye ni ba, ni na kai ƙarar kaina.

Muna tafiya wajen kaya Abbakar ya raɗa mini, "A nan abin da aka tambaye ka shi kake amsawa, halas, shi ke nan. Ni ban ji komai ba." Shi bai ji ba, amma na cikin keken fa? Na saci kallon Baba. Idonsa na gaba, yana jan carbi.

Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kamar awa ɗaya ce, titi shimfiɗe ba rami ko ɗaya. Na yi ta duba gefen hanya ban ga mai faci ba, na ce lalle a ƙasar nan da yunwa ta kashe ni. Direbanmu mutumin Yaman ne, kofin shayi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bayani da shi, ban san da me yake riƙe sitiyari ba. A da da na yi masa magana, amma ranar wane baki gare ni na gyara wa wani tuƙi?

Masaukinmu a unguwar Aziziyya yake, hawa na biyar, ɗaki mai gado uku. Na ukunmu wani ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, Alhaji Mamman, wanda ya ƙure na'urar sanyi ya ce ai kuɗinsa ya biya. Ga mu cikin harami ba riga, ba damar rufe kai. Faɗa kuma ya haramta. Sai da na bi shi da lallashi kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta sannan ya rage. Da Azahar na shiga ɗebo wa Baba ruwan alwala, na murɗa famfon sanyi, ruwa ya zubo kamar na shayi. Ashe tankin a saman bene yake, rana ta gama dafa shi. Mutanen nan da rana sai su tara ruwa a bokiti ya huce, mu kuwa a gida wuta muke hurawa mu ɗumama.

Kafin yamma ƙafafun Baba suka kumbura saboda zaman jirgi. Jagoran ayarinmu ya duba ya ce ya huta kwana biyu kafin ya shiga Masallacin Harami. Sauran suka tafi suka yi Umararsu suka dawo da ƙwal-ƙwal ɗin kai, suka sa rigunansu. Mu muka zauna cikin ƙyallayenmu. Aka ce in je in yi tawa in dawo, na ce a'a, tare muka ɗaura, tare za mu sauke.

Kwana biyun nan sun fi mini wata shidan Jos tsawo. Baba bai canza mini fuska ba, amma maganarsa ba ta wuce "miƙo mini ruwa" da "lokaci ya yi?" Sai na gane lissafin. Shi da bakinsa ya ce babu faɗa sai an sauke harami. Wato ajiye mini ita ya yi, ranar aski zan ji ta. Na fita baranda na kira Habiba na gaya mata. Ta yi salati ta ce, "Da bakinka? Wa ya aike ka? Mutum ya ce suga ka ce giya!" Ta yi dariya, sannan na ji muryarta ta karye. Ta san halin mahaifinta, in ya yanke mutum ya yanke.

Abinci ma ya zama wani aiki. Da safe wake ake ci a can, dafaffe lugub da mai, a haɗa da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Ni ya karɓe ni sosai. Da rana shinkafa ce jibgi guda da rabin kaza a kai, babu miya ko cokali ɗaya. Baba ya duba ya ce, "Wannan an manta da rabinta a kicin." Kunu na riƙa dama masa, da ɗan dambun nama.

A rana ta biyu Allah ya kawo mana Hajiya Zainabu daga Rusaifa, wata unguwa a nan Makka. 'Yar yayan Baba ce. Mahaifinta ya bar gida tun Baba yana ƙarami, ya bi ta Chadi da Sudan yana aiki yana gaba, shekara bakwai kafin ya iso, bai ƙara komawa ba. Ita ba ta taɓa ganin Funtuwa ba, amma ta san sunan kowace tsohuwa a zuriyar. Turare da atamfa take sayarwa, lokacin Hajji kuma tana dafa abinci a Arfa. Ta shigo da kula biyu, tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu. Ta durƙusa gaban Baba tana kuka tana cewa, "Ya ammi, ya Baffa, kamanninku ɗaya!" Ɗanta da ya kawo ta a mota, magidanci da gemunsa, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "lafiya lau" ba. Duk abin da Baba ya tambaye shi, ko sunan 'ya'yansa ne, sai ya ce lafiya lau.

Ranar Baba ya ci tuwo har da ƙari. Hajiya ta ga ina matsa masa ƙafa, ta ce, "Mashallah, wannan ɗanka ne, Baffa?" Ya ce suruki ne. Ta riƙe haɓa ta ce a zamanin nan samun suruki irin wannan sai an tona. Na kasa kunne in ji ya ce Malam Isiyaku mutum ne, kamar yadda ya saba. Sai ya ce, "Allah shi ya san bayinsa." Na ci gaba da matsa ƙafar.

Rana ta uku kumburi ya saɓe. Bayan Asuba muka hau bas zuwa Harami. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba, kada ma ku tambaye ni. Na dai san na tsaya riƙe da keke ina kuka kamar yaro, har wani Baturke ya dafa kafaɗata ya miƙo mini zamzam. Muka hau sama inda masu keke ke ɗawafi. Zagaye ɗaya a can ya yi uku na ƙasa, amma ban ji gajiya ba. Muka yi Safa da Marwa, Baba yana addu'a ina cewa amin. A raina ina roƙon abu ɗaya: Allah kada ka raba ni da mutuncin da nake da shi a idon tsohon nan.

Muna fita ta wajen Marwa masu aski suka yi mana caa, kowa na jan mu shagonsa. Aka zaunar da ni, kafin in gyara zama an gama. Wanzamanmu na gida da za su yi maka hira su tambayi iyali, nan babu wannan. Na juyo da keken Baba wajen kujera, ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya ce, "Sayo reza da sabulu mu koma masauki."

Muka tarar Alhaji Mamman ya fita kasuwa. Baba ya ce in rufe ƙofa in ja masa kujera tsakiyar ɗaki. Ya zauna. Na tsaya riƙe da leda.

Ya ce, "Matar da ka karya wa hannu, ka nemi yafiyarta?"

Na ce, "Ranar da na fito wurinta na fara zuwa, Baba. Sau uku ina komawa, a na ukun ta yafe."

"Habiba ta sani?"

"Tun kafin aure."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Kwana biyun nan ba da kai nake faɗa ba, da kaina nake yi. Na tambayi kaina, da ka gaya mini a lokacin, zan ba ka ita? Ba zan ba ka ba. Da na kori mutumin da ya riƙe mini 'ya shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa kawo ƙara ba. Abin da ya hana ni magana ke nan." Ya ɗan murmusa. "Kuma da laifina a karatu. Na koya maka sukuru, ban koya maka sukkar ba. Shadda ɗaya ta tona maka asiri."

Na durƙusa zan ba da haƙuri, ya ce in tashi, rana na yi, shi har yanzu yana cikin harami. Ya nuna ledar da ke hannuna.

Na ce, "Baba, ni? Ban taɓa yi wa kowa aski ba. Kuma ka ga hannuna."

Rawa yake yi kuwa, a fili. Ya kalli hannun, ya ce, "Na gan shi. An ce masa suga ya amsa laifin da ba a tambaye shi ba, don kada ya shiga da ƙarya. Wa zan ba kaina in ba shi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Na jiƙa furfurar, na shafa sabulu, na yi bisimilla na ɗora reza. Na bi a hankali daga goshi zuwa ƙeya, hawaye na hana ni gani sosai. Daf da gamawa na ɗan yanke shi a bayan kunne, jini ya tsatso. Na ja da baya da sauri ina cewa sannu, Baba, ka yafe ni.

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ƙarasa, ɗana."